Injin Surukina da Kwanonin Jere Goma Sha Biyu

Ranar Asabar da ta wuce, a ajinmu na ƙarshen mako, malamin da ke koya mana ilimin ƙasa ya zana wani ƙaton kwano a allo. Ya ce jikin kwanon dutse ne, abin da ke cikinsa kuma laka ce da rairayi waɗanda ruwa ya daɗe yana tarawa, sannan mutane suka zo suka ga fili shimfiɗaɗɗe mai daɗin gini suka kafa birni a kai. Ya ce idan girgizar ƙasa ta taso, a cikin dutse wucewa take yi da sauri, ba ta tsayawa gaisuwa. Da ta faɗa cikin laka sai ta rage gudu ta ƙara ƙarfin jijjiga, ta je ta bugi wancan gefen kwanon ta dawo, ta yi ta kai da komowa don ba ta da ƙofar fita. Ya ba mu misalin babban birnin ƙasar Meziko da ke zaune a kan tsohon tafki, inda girgiza ta taso daga nesa ƙwarai, ta taɓa unguwannin kan dutse sama-sama, ta je ta kayar da benaye a tsakiyar laka.

Mubarak, wanda ke zama a bayana, ya ce, "Malam, mu dai Yauri ba ta girgiza sai in Kawu Isiya ya tada inji."

Aji ya kwashe da dariya. Kawu Isiya ni ne. Na ba kowannensu shekara ashirin, kuma sun san sana'ata ita ce kafa injin casar shinkafa. Mubarak ya ƙara da cewa, "Kawu, tsakani da Allah, aikin naku ba rami da siminti da noti huɗu ba ne?"

Ina da amsa. Na buɗe littafina, na rufe, na gyara zaman biro a aljihu. Kafin in gama shirya jimlar farko an tashi daga aji. Haka nake tun ina ƙarami, magana takan iso bakina bayan mai tambaya ya kai gida. Shi ya sa na zauna na rubuta amsar, Mubarak da abokansa su karanta in sun samu sarari daga waya.

Injin farko da na sa wa hannu a Shanga ne, ƙarƙashin maigidana Baba Gado, Allah ya jiƙansa. Na gama sakandare ban samu halin wucewa gaba ba, sai Inna ta kama hannuna ta kai ni wurinsa, ta ce ga aikin da ya dace da ni tunda ba ya bukatar surutu. A nan kaɗai na taɓa sanin Inna ta yi kuskure.

Baba Gado Bagunge ne, an haife shi a wani tsibiri da yanzu kifi ke kwana a kansa ƙarƙashin tafkin Kainji. Kayan aikinsa ba su da yawa: diga, shebur, kwanon sarki, guduma, sifanoni, igiya, da katakon awo mai ƙwayar ruwa a ciki. Sai abu biyu da ba za ka gani wurin wani mai kafa inji ba. Ɗaya farin kwano ne na ƙarfe mai faɗin baki. Ɗayan guntun ƙarfen babbar mota ne mai nauyin gaske, muna ce masa Dogari.

Da muka isa Shanga mai injin ya riga ya share wuri ya kafa turaku, yana jiran mu fara haƙa. Baba Gado bai ko kalli turakun ba. Ya taka taku goma daga wurin, ya ajiye kwano, ya zuba ruwa har saura faɗin yatsa ya cika, ya tsuguna ya jira ruwan ya kwanta. Sannan ya ce in ɗaga Dogari daidai ƙirjina in sake shi. Na saki. Ruwan kwanon ya yi ta rawa kamar ana kaɗa masa ganga. Muka koma bayan gidan mai injin inda marmara ta fito fili, jar ƙasar nan mai tauri kamar dutse, muka sake. Ruwan ya ƙifta sau ɗaya ya kwanta.

"Ka gani?" in ji Baba Gado. "Inji duk ɗaya na, Isiya. Ƙasa ita ka bambanta. Wata ta haɗiye bugu, wata ta ɗauka ta kai ma maƙwabci da ƙari."

Mai injin ya ce shi bakin hanya yake so, don masu wucewa su ga yana da inji. Baba Gado ya ce to, ya fara mayar da kaya cikin buhu. Ba mu kai bakin titi ba aka biyo mu. A bayan gida aka kafa shi, kuma har yau yana nan.

Tun daga ranar na fara rubutawa. Duk inda muka saki Dogari sai in rubuta sunan wurin, da irin ƙasar, da watan, da ƙirgen da na yi kafin ruwa ya kwanta. Baba Gado yakan leƙo ya ce, "Kai rubuta, ni in gani, mu ga wa ka riga wani." Masu babur na Yelwan Yauri suka sa mani suna Ɗan Kwano. Yanzu ina kan littafi na goma sha huɗu, sunan kuma bai sake ni ba.

Game da rami da siminti da noti huɗu, gaskiyar Mubarak, akwai su. Ramin yana bin nauyin inji da halin ƙasa. Ƙarafan da notin ke hawa ana dasa su cikin kankare tun yana ɗanye, in ka kauce da faɗin ƙwayar gero ƙafar inji ba za ta zauna ba. Inji da tukunyar casa dole su kalli juna sak, in ba haka ba bel ya yi ta tsalle yana fita. Sannan kankare yana son a yi ta ba shi ruwa kwanaki kafin a ɗora masa nauyi, abin da babu mai inji ko ɗaya da ya yarda da shi. Wani a Ngaski, muna juya baya washegari ya ɗora inji ya tayar, don ya riga ya gayyaci mutane. Injin ya tumɓuke ƙarafansa ya nufi ƙofa. Ya aiko a ce mana wurin yana da iskoki. Baba Gado ya ce a gaya masa iskan yana sanye da babbar riga kuma shi ke riƙe da makullin shagon.

Duk wannan ana koyonsa a shekara biyu. Abin da ban koya ba a shekara ashirin shi ne yadda ake gaya wa mutum ƙasarsa ba ta da kyau. Baba Gado yana da baki. Da ya rasu ya bar mani kwano da Dogari, bakin kuwa ya tafi da abinsa.

Aikin da ya jawo mani muguwar shekarata na surukina ne, mahaifin matata Balkisu. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ba kuma zai fita daga birona ba, Alhaji kawai zan ce. Ɗan kasuwar shanshera ne a Yelwa, wato shinkafar da ba a casa ba. Ya gaji da kai wa injin wasu, ya sayo nasa, babba mai silinda ɗaya, irin mai bugu kamar ana daka da taɓaryar ƙarfe. Ya ce a gaban gidansa za a kafa, a filin da ya cike da kansa. Wa zai kira in ba mijin 'yarsa ba?

Wanda bai taso a cikinmu ba sai an yi masa bayani. Ba na kallon idon Alhaji. Ba na cin abinci a gabansa. In na hango shi a hanya nakan sauka daga babur in tuɓe takalmi in durƙusa. In akwai magana tsakaninmu, ƙanensa Kawu Sale ne ke ɗauka ya kai ya dawo da amsa, ko da kuwa mu uku muna zaune a zaure ɗaya. Kawu Sale mutum ne mai barkwanci, kowa nasa ne, ba ya son ganin fuskar da ta ɓaci.

Cikin bazara ne, tafkin Kainji ya ja baya, ƙasa ta bushe ƙamas. Na ajiye kwano na saki Dogari. Ruwa ya yi rawa, ba mai yawa ba, amma ya yi. Na koma gida na ɗauko littafi na huɗu. Ga shi nan da rubutuna: tsohon kududdufi ne, mun taɓa zuwa da Baba Gado lokacin ana cikinsa da shara da ɓuntu da lakar bakin tafki, wani ya so kafa injin niƙa, Baba Gado ya ƙi. Har na zana wurin. Kududdufin dogo ne, a tsakiyarsa akwai wani falalen dutse da mata ke wanki a kai da can, bayan dutsen kuma shi ne wuri mafi zurfi. Yanzu shagon Malam Bello tela yana kan dutsen. A kan zurfin kuwa ɗakin Inna Tani yake, wata tsohuwa Bakambara mai sayar da busasshen kifi, ɗakin ƙasa da mijinta ya gina mata kafin ya rasu.

Na samu Kawu Sale na ce, "Kawu, a gaya wa Alhaji wurin nan ciko ne. Yanzu ya bushe, amma in tafki ya cika ƙasar za ta sha ruwa ta ƙasa, ta ɗauki bugun inji ta kai wa maƙwabta. A mayar da shi bayan gida kan marmara."

"Shi ke nan? Wanga ai ƙaramin abu na," in ji Kawu Sale. Ya shiga zaure. Ina tsugune a waje ina jin komai, don zauren ba shi da ƙyaure.

"Yaya, yaron ya duba. Ya ce wuri ya yi, sai dai a ƙara siminti."

"Siminti ba matsala ba ne," in ji Alhaji. "A ba shi duk abin da yake so. Ni na cike wurin nan da hannuna, mota nawa ta zuba ƙasa."

Kawu Sale ya fito yana murmushi ya ce, "Ka ji, an gama." Na ce, "Kawu, ba haka na ce ba." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Isiya, mutum ya yi shekara uku yana cika rami, ni in shiga in ce mishi rami na nan? Ni ma ƙane ni ke."

Sau biyu na je da niyyar faɗa da bakina. Na farko na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, na tashi. Na biyu na ƙara da tambayar ciwon ƙafarsa. Ya gaya wa mutane bai taɓa ganin suruki mai ladabi irina ba.

Sai na yi abin da mai kunya ke yi, na zuba maganar cikin aiki. Ban taɓa yin gindin inji mai kyau kamar wannan ba. Na haƙa har ƙirjina, na jera duwatsu, na ɗaure rodi, na shimfiɗa robar tsohuwar taya a ƙarƙashin ƙafafun inji, na zagaye shi da ɗan rami na cika da ɓuntu. Da aka tayar, ko kofin shayi ka ɗora a kan kankaren ba zai zube ba. Alhaji ya yi ta kawo abokansa suna gani. Ni ma har na fara zaton littafi na huɗu ya tsufa.

Damina ta zo ta wuce, farin ruwa ya cika tafki. Aka yi girbi, baƙin ruwan nan da ke gangarowa daga saman kogi cikin sanyi ya zo ya ƙara a kai. Shekarar tafki ya hau sosai, rijiyoyin unguwar da guga mai gajeriyar igiya ake ɗiba. Lokacin ne kuma shinkafa ta fi yawa, inji yana aiki daga hantsi har la'asar.

Inna Tani ce ta fara zuwa wurin Alhaji. Ta ce ruwan randarta yana rawa, ƙoran da ta jera suna saukowa da kansu, kuma bangon gabas ya tsage har tana ganin hasken rana ta ciki. Alhaji bai yi fushi ba. Ya fito da ita waje ya nuna mata da sanda.

"Tani, ga inji. Ga shagon Bello, taku goma sha biyar. Ga ɗakinki can, ya fi taku hamsin. Bello, bangonka ya tsage?"

"Ko zare bai taɓa faɗo mani daga kanta ba, Alhaji," in ji Malam Bello.

"To girgizar ƙafafu gare ta, da za ta tsallake Bello ta je ta same ki?"

Kowa ya ga hankali a maganar, don hankalin ne a cikinta. Aka ce ɗakin ya tsufa. Aka ce gara ce. Wata ta ce Inna Tani ta duba ko ta taka wani abu a bakin ruwa. Inna Tani ta ce shekara goma tana ɗakin nan da tsufansa da gararsa, bai taɓa buɗe baki ba sai da aka kawo baƙo mai tari. Tsagar ta ci gaba. Da na bi ta wurin da sunan wucewa, na sa yatsa biyu suka shige. Bango irin wannan ba ya kai wata damina, kuma gadonta a jikinsa yake.

Ta kai ƙara wurin mai unguwa. Alhaji ya ce madalla, a kira masanin abin, wanda ya kafa, ya yi wa mutane bayani. Kawu Sale ya zo har gida ya ce, "Jibi da hantsi. Kai ne shaidar Alhaji. Abu mai sauƙi, ka ce inji lafiya lau shi ke, ka koma gida."

Injin kuwa lafiyarsa lau. Da na faɗi haka ban yi ƙarya ba, kuma da bangon ya faɗo wa Inna Tani.

Na san ba zan iya tsayawa gaban jama'a in ce surukina bai yi daidai ba. Ko na yi niyya, muryar ba za ta fito ba, na gwada a bayan gida na ji. Abin da na iya shi ne kwano. Amma kwano ɗaya ba ya isa, sai an jera da yawa a gani lokaci guda, kuma dole su zama iri ɗaya, girma ɗaya, in ba haka ba wani zai ce wannan ya fi wancan faɗi. Na yi tunanin duk gidajen da na sani a Yelwa. Wuri ɗaya ne ke da kwanoni goma sha biyu iri ɗaya, kuma kullum ina kwana ina kallonsu a cikin kabad.

"Kwanonina?" in ji Balkisu. "Na jere? Waɗanda ko ruwa ba su taɓa gani ba tun da anka kawo ni?"

"Ruwan kawai za su gani. Zan dawo da su."

"Bari in gane. Kwanonin da Baba ya saya mani, su za ka ɗauka ka kai su ba da shaida a kan Baba."

"Ni dai ba zan yi magana ba."

"Da ma yaushe ka taɓa yi?"

Ta juya ta kalli kabad ɗin. Sannan ta ce, "Inna Tani ita ta yanke mani cibiya, ka sani?" Ta ɗauko makulli ta fito da su ɗaya bayan ɗaya tana gogewa da gefen zane. "Sha biyu na ba ka. In ɗaya ya ƙwarzane, ka nemi Kawu Sale ya kawo mani bayani."

Ranar zaman, da hantsi, mai unguwa ya zauna a kujera ƙarƙashin dalbejiya. Alhaji yana kan tabarma da abokansa, Inna Tani tana tsaye ta ƙi zama, mata masu turara shinkafa sun ajiye buhunansu sun yi layi. Mai unguwa ya ce, "Isiya, bismilla." Na durƙusa na gaida kowa. Sannan na kwance ƙullin zane na fara jera kwanoni, daga gindin inji zuwa ɗakin Inna Tani, kowane taku biyar kwano ɗaya. Kowanne na share masa wuri, na daidaita shi da katakon awo, na zuba masa ruwa moɗa uku. Uku sun faɗa gaban shagon tela. Na ƙarshen na shiga da shi cikin ɗakin na ajiye a gindin bangon da ya tsage, na bar ƙofa a buɗe.

"Walima za a yi ba a gaya muna ba?" in ji Kawu Sale.

Alhaji ya ƙura wa kwano na farko ido. Fari ne mai jan fure da bakin zinariya. Ya ce, "Sale, kwanonin nan kamar na san su."

"Ai kai ka saye su, Yaya. Ni na ɗauko su a kai daga tasha."

Na jira ruwa ya kwanta a dukansu. Na yi wa mai tada inji alama. Ya juya hannun, inji ya yi tari sau biyu ya kama.

Kwano na ɗaya da na biyu suka fara ɓari, ɗan kaɗan, don gindin da na yi ya riƙe abin da zai iya. Na uku, na huɗu da na biyar, na gaban shagon tela, ko motsi, har ana ganin ganyen dalbejiya a cikinsu. Abokan Alhaji suka fara gyaɗa kai. Wani ya ce, "To, magana ta ƙare." Amma matan sun riga sun yi gaba, su ne suka fara kiran salati. Na shida ya dawo da ɓari. Na bakwai ya fi shi. A na tara ruwan ya tashi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Na sha ɗaya yana fantsalowa waje. Na sha biyu, na cikin ɗaki, shi kansa kwanon yana kaɗawa a ƙasa yana ƙara, ƙasar bango tana zubowa cikinsa siriri.

Mai unguwa ya tashi da kansa ya bi layin tun daga farko har ƙarshe, ya dawo, ya sake bi. Wata tsohuwa daga cikin masu turara shinkafa ta tsaya gaban shagon tela ta buga ƙafa ta ce, "Wanga ai dutsen wanki na! Nan muka wanki muna 'yan mata. Can wajen Tani kuwa ko namiji ba ya taka ƙasa, nan jakin Ɗan Ladi ya nutse." Sai ga shi kowa ya tuna. Mutanen da suka yi wata biyu suna zargin gara, duk sun san kududdufin, wasu a ciki suka koyi iyo.

Aka kashe inji. Mai unguwa ya ce, "Isiya, mi kac ce?"

Na dubi ƙasa.

"Ku ƙyale shi," in ji Inna Tani. "Kwano ya gama magana."

Alhaji ya bi layin kwanonin da kallo. Mutum ne mai gaskiya in ya gan ta da idonsa, wahalar dai a kawo ta gaban idon. Ya juya wajen ƙanensa ya ce, "Sale, tambayi yaron nan. Tunda ya san haka, don me bai faɗa ba tun farko?"

Kawu Sale ya juyo gare ni, fuskarsa sumul kamar ruwan kwano na huɗu. Ya ce, "Isiya, Alhaji ya ce don mi ba ka hwaɗi ba tun farko?"

Ina da amsa. Tana da tsawo, tana da rana da wata, tana cikin littafi. Amma a gaban jama'a, ƙanen suruki ma suruki ne. Na ce, "Kawu, a gaya wa Alhaji laifina ne."

Kawu Sale ya gyara murya ya ɗaga ta yadda na bayan layi za su ji. "Yaya, ya ce laihinai na!"

A duk shekarun da ya yi yana kai saƙo tsakaninmu, wannan kaɗai ya isar ba ragi ba ƙari.

Kwana huɗu na yi ina fasa gindin injin da guduma. Da na yi shi da ha'inci da yini ɗaya ya isa. Muka mayar da inji bayan gida kan marmara, inda na faɗa tun bazara. Alhaji ya sa aka rushe bangon gabas aka sake gina wa Inna Tani, ya kuma hana a tada inji har aka gama.

Labari kuwa ya riga ni zuwa kasuwa, kuma ya rabu biyu. A wajen masu inji, Ɗan Kwano ne ya kafa injin da ya tsaga ɗakin tsohuwa, ya amsa da bakinsa. A wajen dattawa, Ɗan Kwano ne ya kunyata surukinsa a gaban mata da kayan ɗakin 'yarsa. Na farko suka daina kirana don ban iya aiki ba, na biyu suka hana a kira ni don ban da kunya, ni da kunya ta kai ni ga haka. Daga wannan girbi har wani girbin inji ɗaya na kafa, shi ma a wani ƙauye bayan Ngaski inda labarin bai samu jirgin ƙetarewa ba. Sauran shekarar gyaran bel na yi da wankin injin ban-ruwa a fadama.

Wanda ya dawo mani da aiki Alhaji ne, ba tare da ya yi niyya ba. Duk abokin da ya ce zai sayi inji, sai ya kai shi bayan gida ya ajiye masa kwanon ruwa ya yi masa bayanin ciko da marmara, ya ce dabara ce da ya gano da kansa bayan dogon nazari. In suka ce wa zai auna musu, sai ya ce akwai wani yaro mijin 'yarsa, ba ya magana amma ya ɗan koya. Ban taɓa aika Kawu Sale da gyara ba.

To Mubarak, abin da Malam ya zana a allo na taɓa ganinsa, sai dai nawa ƙarami ne, taku sittin daga baki zuwa baki, girgizar kuma da man dizal take aiki. Ban san ko ƙasa za ta taɓa motsawa a Yauri ba, Allah ya kiyaye. Na dai san unguwanni nawa ne a Yelwa ke zaune kan ciko, don suna cikin littattafaina, kuma na ga ana ɗora musu bene. In kun gama karatu kun zama injiniyoyi, wata rana mai wurin zai zama kawunku ko surukinku, zai kuma ce shi ya cike ramin da hannunsa. Noti huɗun ba za su ba ku wahala ba.

Balkisu har yau kwano sha ɗaya gare ta, kuma takan tuna mani duk sallah in tana goge kabad. Na sha biyun yana ɗakin Inna Tani. Ranar da na je karɓa ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa. Ta ce ba ta yarda da Alhaji ba, ba ta yarda da mai unguwa ba, ni kuwa mutumin da sai bango ya tsage yake nemo kwano, ba ta ga abin yarda a wurina ba. Da kwanon kaɗai ta yarda. Yana nan a gindin sabon bangon, kullum da safe tana canja masa ruwa, moɗa uku. Shekaranjiya na bi ta wurin inji yana aiki a bayan gidan Alhaji, na leƙa. Ruwan yana kwance, ana ganin jan furen a ƙasansa.